Kafin mutum ya yarda a yi masa aikin hanci

Assalamu alaikum Malam Edita.

Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ce wani abu kan ciwon nan na kogunan hanci da ake kira sainus, musamman wanda yake tafiya yana dawowa, da kuma maganar da take tayar wa mutane hankali, wato ranar da likita zai dube ka ya ce to malam, ina ganin fa sai an yi maka aiki. Ni dai ba likita ba ne, mai ciwon ne, na daɗe ina fama da shi kuma an yi min aikin, don haka abin da zan faɗa daga jikina ne da bayanin likitocin da suka duba ni da kuma ɗan abin da na karanta.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun shi ne yadda nake ganin mutane sun rabu biyu kan maganar. Akwai waɗanda da sun ji kalmar tiyata shikenan ba za a sake ganinsu a asibitin ba, gara su yi ta shan magani shekara da shekaru hanci a toshe ba sa jin ƙamshin komai, wai kar a taɓa musu kusa da ƙwaƙwalwa. Akwai kuma waɗanda sun gaji, su ne ma suke roƙon likita, dan Allah a yanke abin nan kawai in huta. To wallahi dukkansu biyun abu ɗaya suka rasa, ba su san me aikin yake yi ba da abin da ba zai iya yi ba. Na biyun ma sun fi ba ni tausayi don su ne suke fitowa daga baya suna cewa an yaudare su.

A cikin ƙasusuwan fuskar kowa akwai koguna masu iska, guda huɗu a dama huɗu a hagu. Akwai na kumatu ƙarƙashin ido, su ne manya, akwai na goshi, akwai wasu ƙanana masu yawa a tsakanin idanu, sai wani can ciki sosai bayan hanci. Kowanne an shimfiɗe shi da wata fata mai laushi da take fitar da majina kullum, ko kana lafiya ko ba ka lafiya, kuma a jikin fatar akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani suna ta kaɗawa suna tura majinar zuwa wata 'yar ƙofa da take buɗewa cikin hanci, daga nan ta gangara maƙogwaro ka haɗiye ba ka ma sani ba. Ƙofofin nan ƙanana ne sosai, 'yan milimita ne kawai. Na kumatu ma abin mamaki ƙofarsa a sama take ba a ƙasa ba, ma'ana majinar ba da kanta take zubowa ba, sai gashin nan sun haura da ita. To da zarar fatar ta kumbura, ko saboda mura ko alaji ko hayaƙi ko ƙura, ƙofar ta rufe, majina ta taru, iska ba ta shiga, sai nauyin fuska da toshewar hanci da wannan abin da yake bin maƙogwaro da dare ya hana ka barci.

Yanzu tambaya ta farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa tun kafin a kai ga maganar wuƙa: wane iri ne nawa? Don likitoci sun raba shi. Wanda ya zo ya tafi cikin ƙasa da mako 4, wannan na ɗan lokaci ne kuma kusan duka bairos ne ke kawo shi, irin na mura, da kansa yake warkewa. A cikin 100 da ƙyar ake samun 2 da suke komawa na bakteriya. Alamar da suke dubawa ita ce ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ka fara samun sauƙi sai kuma ya dawo da ƙarfi fiye da da. In irin wannan ya kama ka sau 4 ko fiye a shekara ɗaya kuma tsakani kana warkewa sarai, shi ne mai maimaituwa. In kuma ya zauna mako 12 ko fiye bai taɓa barinka gaba ɗaya ba, shi ne wanda ya zama jiki, kuma wannan mafi yawanci ba ƙwayar cuta ce take riƙe da shi ba, kumburi ne da ya ƙi sauka. Wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne Malam Edita, don mutane da yawa duk lokacin da majina ta canza kala zuwa ɗorawa ko kore sai su nemi antibayotik, su sha na kwana uku su ji dama-dama su ajiye, alhali da ma ko ba su sha ba zai sauka. Kalar majina kaɗai ba ta nuna bakteriya. Sai mutum ya zo ya ce wa likita na sha magani iri-iri bai yi ba saura aiki, a'a, maganin da ya dace ne ba ka sha ba tukuna.

Sai tambaya ta biyu wadda ita ce ma ta fi ba ni tsoro: shin da gaske sainus ɗin ne? A shekarar 2004 an buga wani bincike a Amurka da aka yi kan mutane kusan 3,000 waɗanda su da kansu ko likitocinsu suka ce ciwon kansu na sainus ne, da aka bincika sai aka ga 88 cikin 100 ciwon ɓarin kai ne yake damunsu. Ka ji fa, 88. Dalili kuwa shi ma ciwon ɓarin kai yana iya kawo zafi a goshi da kumatu da bayan ido, har da toshewar hanci da hawaye, to wa zai ga laifin mai ciwo in ya ce hancinsa ne. Amma in babban abin da yake damunka ciwon kai ne mai bugawa, haske yana damunka, kana jin tashin zuciya, kuma tsakani hancinka lafiya lau kana jin ƙamshi, to dan Allah ka tsaya, ko an buɗe maka kogunan nan duka takwas ciwon kan nan yana nan. Ina da wata 'yar'uwa da ta kusa shiga wannan, Allah ya taimake ta hoton kogunan hancinta da aka ɗauka ya fito tas ba komai, aka tura ta wajen likitan jijiyoyi. Haka kuma haƙori. Saiwar turamen sama tana dab da ƙasan kogon kumatu, wani lokacin ma har ta leƙa ciki, to in haƙori ya ruɓe yana iya zuba ruɓar a kogon, shi ya sa in ciwon gefe ɗaya ne kawai kuma kana jin wani wari a hancin da ba wanda yake ji sai kai, a fara duba baki.

Shi ya sa ni a ganina duk likitan da zai yi maka maganar aiki bai leƙa cikin hancinka da kyamara ba kuma bai ga hoton siti sikan ba, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙasusuwan fuska dalla-dalla, ka yi masa godiya ka nemi wani. Kuma wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro za ka, nasu ne fannin. Leƙawar nan ba wani abin tsoro ba ne ko da yake ba daɗi. Za su fesa maka wani magani mai ɗaci da zai kashe wurin, ka ji maƙogwaro ya yi wani nauyi ka kasa gane ko ka haɗiye yawu ko ba ka haɗiye ba, sai a zura wani siririn ƙarfe mai haske a baki, a hankali, hawaye na zubo maka ba don kuka ba, likita yana cewa yi numfashi ta baki kar ka motsa. Ni da aka juyo min da allon na ga cikin hancina na yi shiru. Wasu abubuwa ne farare-farare masu sheƙi a rataye sun cike hanyar, ga majina mai kauri tana gangarowa ta gefensu, ya ce min ka ga waɗannan, tsiro ne, ba kansa ba ce, fatar ce ta kumbura ta cika da ruwa har ta zazzago, su suka hana iska kaiwa saman hanci inda ake jin ƙamshi. Duk shekarun da na yi ina cewa mura ce, a minti biyu na ga abin da idona.

Hoton ma sai an yi hankali da shi. A 1994 wasu likitoci a Amurka suka ɗauki siti sikan na mutanen da mura ce kawai take damunsu, sai ga shi 87 cikin 100 kogon kumatunsu ya nuna matsala a hoto, kuma bayan mako biyu mafi yawansu ya washe ba tare da antibayotik ba. Ma'ana in aka ɗauke ka hoto kana tsakiyar mura dole ya fito da muni. Likitan kirki sai ya ba ka magani na wasu makonni tukuna sannan ya ɗauka, don ya ga abin da ya rage bayan an yi iya ƙoƙari. Kuma ba hoto ake yi wa aiki ba, mutum ake yi wa, akwai masu hoto mai muni da suke rayuwarsu lafiya ba abin da ya dame su.

To menene maganin da ya dace ɗin da nake ta faɗa? Ba wani abin a zo a gani ba ne shi ya sa mutane suke raina shi. Wanke hanci da ruwan gishiri, da feshin sitiroyid na hanci, wato maganin saukar da kumburi, irin su mometasone ko fluticasone, kullum, ba fashi, na wata 2 zuwa 3. Kalmar kullum ɗin nan ita ce wahalar. Feshin ba ya aiki ranar da ka fesa, sai ya ɗau kwanaki har makonni kafin ka fara ji, mutane kuma sai su yi mako ɗaya su ce ba ya komai su jefa a durowa. Ga kuma yadda ake fesawar, yawancinmu kai muke ɗagawa sama mu fesa mu ja da ƙarfi, maganin ya wuce maƙogwaro mu ji ɗacinsa mu ce ya shiga, alhali cikinmu ya tafi. Sunkuyar da kai ake yi kaɗan, ka riƙe kwalbar da hannun dama ka fesa ƙofar hagu, hannun hagu kuma ƙofar dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne ba tsakiyar hanci ba, don in kana dukan bangon tsakiya kullum shi ne yake kawo haɓo. Sannan ka shaƙa a hankali.

Wankin kuma ba ɗan fesa ruwa ba ne, kwalba guda ake matsawa ruwan ya shiga ta wannan ƙofa ya fito ta waccan, kana sunkuye baki a buɗe. Ranar farko za ka ji kamar ka nutse, daga baya ka saba har in ba ka yi ba ka ji ba daidai ba. Amma ruwan fa, dan Allah a kula. Wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka tace na asibiti. A 2011 mutum biyu suka mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka saboda sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da wata ƙwayar amiba da take bi ta hanci ta shiga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma shan ruwan ba ya kawo ta don ciki yana kashe ta, ta hanci ne matsalar, to tafasawar minti ɗaya me za ta rage ka da shi.

Akwai kuma ɗaya abin da sai na faɗa ko da za a ji haushi, feshin nan mai buɗe hanci nan take irin su Otrivin. Yana aiki kam, minti biyar ka ji duniya sabuwa. Amma na 'yan kwanaki ne, wasu likitoci suna cewa 3, takardar cikin kwalin ma tana gargaɗin kar a daɗe ana fesa shi. In ka zarce, hancin yana sabawa, da maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da da, ka sake fesawa, haka haka har ka zama ba ka fita sai da kwalba a aljihu. Na san mutanen da suke tunanin aiki suke buƙata alhali kwalbar nan ce ciwonsu.

In an yi duk wannan da gaske, an duba alaji, mai shan sigari ya bari, an ba da antibayotik inda ya kamata, wani lokacin har da ƙwayar sitiroyid ta 'yan kwanaki in akwai tsiro, kuma har yanzu kana nan jiya i yau, to nan ne maganar aiki ta zama magana. Ita ƙwayar sitiroyid ɗin ma tana cikin abin da yake tura mutum ga yanke shawara, don tana narkar da tsiron ka ji ƙamshi ya dawo, bayan wasu makonni ya sake ɗaukewa, kuma ba abin da za ka yi ta sha ba ne, tana tayar da suga da hawan jini tana cin ƙashi. In ka ga a shekara sai an ba ka ita sau biyu sau uku kafin ka yi numfashi, haɗarinta ya fara fin na aikin.

Tsoron da manya suke da shi game da aikin nan yana da asali. A da, tun daga aikin da wani Ba'amurke Caldwell ya bayyana a 1893 da wani Bafaranshe Luc a 1897, ta ƙarƙashin leɓen sama ake yankawa a fasa ƙashin kumatu a kankare fatar kogon, mutum ya tashi fuska a kumbure, wasu leɓe da haƙora su mutu da jin taɓi. Wanda ya ga an yi wa wani wannan ba zai so a yi masa ba. Amma wani likita a birnin Graz na Ostiriya, Walter Messerklinger, ya zauna ya yi nazarin yadda majina take tafiya a cikin kogunan, ya gano cewa gashin nan kullum ƙofar asali suke nufa ko ka huda wata sabuwa a wani wuri, don haka abin yi shi ne a buɗe ƙofar asalin a bar fatar ta warke da kanta. Ɗalibinsa Heinz Stammberger ya yaɗa hanyar, David Kennedy kuma ya kai ta Amurka wajen 1985. Ita ake yi yanzu kusan ko'ina. Ta ƙofar hanci ake shiga da kyamara, ba yanka a fuska, ba tabo, ana sa ka barci, awa ɗaya zuwa uku gwargwadon yawan aikin, da yawa ma ranar suke komawa gida. A cire tsiro, a cire 'yan siraran ƙasusuwan da suka tare hanya, a faɗaɗa ƙofofi, in bangon tsakiyar hanci ya karkace sosai a miƙe shi a lokaci guda. Akwai kuma ta balan-balan da aka amince da ita a Amurka a 2005, a zura a hura ƙofa ta buɗe ba a cire komai ba, amma wannan ba ta cire tsiro, don haka ba ta kowa ba ce duk da yadda ake tallarta.

Ga inda nake so masu karatu su riƙe. Aikin nan kafinta ne da ya zo ya gyara maka ƙofar ɗaki da ta kumbura ta ƙi buɗuwa, ya gyara ya tafi, ba shi zai riƙa zuwa yana share maka ɗakin kullum ba. Fatar da take kumbura tana nan, halinta bai canza ba, alajinka yana nan. Abin da ya canza shi ne yanzu majina tana da hanyar fita, kuma ruwan gishiri da maganin feshi suna iya kaiwa har cikin kogon inda a da ba sa shiga. Wanda ya shiga ɗakin tiyata da niyyar daga yau na rabu da feshi da wanki, wallahi zai sha mamaki. A Ingila da Wales an bi mutane fiye da 3,000 da aka yi wa aikin, mafi yawansu sun samu sauƙi sosai kuma sauƙin ya ɗore, amma bayan shekara 5 kusan 19 cikin 100 sai da aka sake yi musu. Masu tsiro sun fi komawa, waɗanda kuma suka haɗa uku, tsiro da asma da rashin jituwa da asfirin, su ne tsiron ya fi saurin dawo musu, kuma irinsu dole su gaya wa likita tun farko don asfirin ko ibuprofen na iya tayar musu da asma mai tsanani. Yanzu akwai allurai na zamani irin su dupilumab da aka amince da shi don masu tsiro a 2019, suna taimakon irin waɗannan, sai dai ba kowa yake iya samunsu ba kuma in ka daina abin yana dawowa.

Haɗari kuma akwai, kar wani ya ce maka babu. Kogunan tsakanin idanu wani siririn ƙashi ne kawai ya raba su da ido, rufinsu kuma shi ne ƙasan ƙoƙon kai. In hannu ya kauce ana iya taɓa ido ko a huda rufin ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗigowa ta hanci, ko a yi zubar jini mai yawa. Manyan matsaloli irin waɗannan ba su cika kai 1 cikin 100 ba, kuma huda rufin ana iya liƙe shi, amma in kai ne ɗayan ba ruwanka da lissafi. Shi ya sa ba rashin kunya ba ne ka tambayi likita, ranka ya daɗe sau nawa kake yin irin wannan aikin, wane kogo da wane kogo za ka buɗe min kuma me ya sa, me kake sa ran zai gyaru me kuma ba zai gyaru ba. Ni likitana ya ce min toshewa da majina ina da kyakkyawan zato, ƙamshi kuma ba zan yi maka alkawari ba. Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi. Da ya ce min komai zai dawo daidai da na yi shakka.

Abin da ya taimake ni wajen yanke shawara wata takarda ce mai tambayoyi 22 da suke kira SNOT-22, kowace tambaya ka ba ta maki daga 0 zuwa 5, jimilla 110. Ba hanci kaɗai take tambaya ba, har barci, gajiya da safe, kasa maida hankali a wurin aiki, saurin fushi, jin kunya cikin mutane. Sai da na zauna ina cikawa na gane yadda abin ya cinye min rayuwa a hankali ban lura ba, don mutum yana sabawa da wahala har ya ɗauka haka kowa yake. Kuma likitoci sun lura wanda makinsa yake ƙasa da 20 ba kasafai yake jin wani bambanci bayan aiki ba, wanda nasa yake sama shi ya fi amfana. To ka ga ba sai kowa ba. In naka sau biyu ne a shekara, kwana goma ka warke, ka yi haƙuri da wankinka da feshinka, ba ka da abin da za ka nema a ɗakin tiyata. In kuma baki buɗe kake kwana, matarka ta gaji da minsharinka, gas yana zuba a kicin ba ka ji ba, asmarka tana ta tashi, to tsoro ba dabara ba ce, kuma jinkirin ma yana da nasa farashin.

Bayan aikin ma a shirya. Makon farko hanci a toshe yake fiye da da, jini-jini yana ɗiga, an hana ka fyace majina, in atishawa ta zo ka buɗe baki, ba ɗaukar kaya mai nauyi ba sunkuyo da yawa na mako ɗaya zuwa biyu, ka kwana kai a sama. Zafin bai kai yadda nake tsoro ba gaskiya, gajiya ce ta fi. Abin da ba wanda ya gaya min da kyau shi ne komawa a share ɓawon da yake taruwa a ciki. A sake zura kyamara da wani ɗan bututu mai zuƙa, a ciro busasshen jini da majina, wasu har girmansu ya ba ka mamaki ta ina suka zauna, ka fito ido jajir amma iska tana ratsa wurin da ka manta akwai shi. Kar a yi wasa da wannan komawar, in ba a share ba wurin yana iya haɗewa ya yi tabo ƙofar ta sake rufewa, aikin ya tashi a banza. Warkewa sosai kuma sai an yi wata biyu zuwa uku. Ni ƙamshi ya dawo min amma ba duka ba, wasu ranakun yana nan wasu ranakun ya yi nisa, kuma har yau ina wanki ina feshi safe da dare. In aka ce in sake zaɓa zan sake yarda a yi.

Duk wannan doguwar shawarar da nake cewa a zauna a yi, ta mai ciwon da yake ba da lokaci ce. Akwai wanda ba a jira. In fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko idon ya turo, ko kana ganin abu biyu-biyu ko gani ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ko ruɗewa, wannan asibiti ne a daren, musamman yara don nasu ya fi saurin tsallakawa ido. Mai ciwon suga da bai daidaita ba ko mai raunin garkuwar jiki in ya ga baƙi-baƙi a cikin hanci ko fuska ta mutu gefe ɗaya, shi ma haka, mun ga yadda wata cutar fangas mai cin hanci da ido ta yi ɓarna a Indiya a 2021 lokacin korona. Sannan toshewar gefe ɗaya tak da take ƙaruwa tare da haɓo, a babba, a je a duba da wuri don a tabbatar ba wani tsiro ne na daban ba. Bayan aiki kuma in ka ga ruwa garau mai ɗan gishiri yana ɗiga ta ƙofa ɗaya in ka sunkuya, kar ka ce mura ce, koma wurin wanda ya yi maka.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku samo mana likitan kunne, hanci da maƙogwaro a shafinku na lafiya ya amsa tambayoyin masu karatu kan wannan, ya gyara min inda na kauce, kuma in da hali a sa hoton yadda ake riƙe kwalbar feshi da yadda ake wankin hanci, don na tabbata da yawa cikin masu jiran a sa musu ranar aiki ba a taɓa nuna musu ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatunku na kullum